Bazara Lokacin Hutun Wardi Ce: Renon Fure da Kare Shi daga Ƙwari a Gidajen Maraɗi, bisa Darasin Lambunan Tibiri da Jiratawa

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi abin da ke kashe itacen wardi a gidajen Maraɗi tsakanin Afrilu da saukar damina, da abin da mai shi zai yi ya tsallake da shi. Hujjarta guda ce. Shawarar da ake karantowa daga littattafan Turai da intanet an gina ta ne a kan shekarar da sanyi ke kwantar da wardi, ɗumi ya tashe shi. A Maraɗi abin ya juye: ɗari ne lokacin furensa, bazara lokacin hutunsa, kuma mai neman fure a cikinta da taki da aski da feshi shi ke jawo wa itacen ajali. An auna wannan hujja da yanayin ƙasa da ruwa da rana na birnin, da halayyar ƙwarin da ke addabar wardi, musamman jan gizo-gizo da gara, da kuma dabarun da masu lambu a Tibiri da Jiratawa suka daɗe suna aiki da su a kan kayan miya.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san ƙamshin wardi tun kafin ya san itacensa, domin turarensa ya daɗe yana zuwa ta hannun fatake da alhazai. Itacen kuwa baƙo ne. A yau ana samunsa wajen masu sayar da dashe a bakin hanya, cikin baƙar leda, jere da mangwaro mai aure da lemu da gwaba. An fi sayensa a Disamba ko Janairu, lokacin da yake ɗauke da fure, a kai shi gida a Zariya ko Ali Ɗan Tsoho a dasa gindin katanga. Wata biyu ana sambarka. Kafin ƙarshen Afrilu ganye ya yi fari-fari, bakinsa ya ƙone, tsiron fure ya bushe bai buɗe ba. Mai shi ya ƙara ruwa, ya ƙara takin zamani, ya sayo maganin ƙwari ya fesa. Zuwa Yuni sai kara. Daga nan a yanke hukunci cewa wardi ba ya yi a ƙasar nan.

Wani zai ce fure ba batun taron ilimi ba ne a jihar da gero da wake ke gaban kowa. Ina ganin batu ne, saboda dalilai biyu. Ƙwarin da ke cin wardi su ne ke cin tumatir da yalo da kuɓewa, don haka abin da aka koya a kan ɗaya yana amfani a kan ɗaya. Na biyu, maganin da aka fesa a tsakar gida ya fi na gona kusa da yara da kaji da randar ruwan sha.

2.0 Wurin da ake dasawa

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta rusa shi, aka hau tudu aka zana sabon gari. Wannan tarihi ya shafi mai dashe kai tsaye, domin yawancin gidajen yau a kan jigawa suke, ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Laka mai albarka ta zauna a fadama, inda lambunan Tibiri da Tarna da Jiratawa suke. Wardi kuwa ƙasa mai ɗan nauyi yake so, mai ruɓaɓɓen taki, wadda ruwa ke ratsawa bai tsaya ba, mai ɗan tsami kaɗan, wato wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa.

Ruwan da ke sauka a Maraɗi a shekara yana wajen milimita 500, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. A Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, dare kuma ba ya hucewa sosai. Shekarun nan ba su nuna alamar sassauci ba: a farkon Afrilun 2024, a zafin da ya mamaye Sahel, an auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Wardi ya fi sakewa ne tsakanin digiri 18 da 25 da rana, da dare mai sanyi wajen digiri 15. Idan zafi ya wuce 35 furensa yana ƙanƙancewa, launinsa ya koɗe, ya zube da wuri.

A dubi wuraren da suka yi suna da wardi a ƙasashe masu zafi. Ɗa'if, wadda alhazai suka san turarenta, tana kan tsauni mai tsawon mita 1,800 da wani abu, kuma cikin Maris da Afrilu ake tsinkar furenta, da asuba. Naibasha ta Kenya, inda ake noman wardin da ake kaiwa kasuwannin Turai, tana wajen mita 1,900. Jos tana wajen mita 1,200. Maraɗi ba ta kai mita 400 ba. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6, don haka waɗancan wurare tsayi ne ya saya musu sanyi. Misalin da ya yi kama da namu yana filayen arewacin Indiya da Fanjab ta Pakistan, inda bazara ke kaiwa digiri 45 kuma ake noman wardi gona-gona. Can ana yi masa aski a Oktoba, ya yi fure cikin sanyi, a lallaɓa shi ya tsallake zafi. Daga can ya kamata mu ɗauki kalanda, ba daga Faransa ko Ingila ba.

3.0 Shekarar wardi a Maraɗi

Shekarar tana farawa ne idan zafin kaka ya karye, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A nan ake yin babban aski: a cire busassun rassa da waɗanda suka haɗe da juna, a rage tsawon sauran da kamar rabi, a yanka a karkace a saman ido mai kallon waje. A tona gindi a hankali a zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, wanda ya kwana damina guda a juji. Bayan mako shida zuwa takwas fure zai fito, ya yi ta zuwa har Fabrairu muddin ana tsinke wanda ya tsufa. Idan itacen mai aure ne, duk tsiron da ya fito daga ƙasan gurbin auren a ɓalle shi, domin na uwar gindi ne, kuma in an bar shi zai rinjayi na sama.

Daga tsakiyar Maris a janye hannu daga takin zamani. Dalilin a fili yake. Taki mai sinadarin naitirojin, irin su yuriya, yana tilasta wa itace fitar da sabon toho mai laushi, toho kuwa ruwa yake sha, kuma shi ne abincin da ƙwari suka fi so. Ba wa wardi yuriya a Afrilu kamar ɗora wa mai azumi buhu ne da tsakar rana. Ga kuma gishirin takin, wanda ke taruwa a gindi idan ruwa ya yi ƙaranci, ya ƙona jijiya.

Aski ma a daina. Ganyen da ya ƙone a sama, duk da muninsa, shi ke yi wa reshe da ganyen ƙasa inuwa. Wanda ya yanke shi don itace ya yi kyan gani ya tone bawon reshe ga rana, bawon ya tsage, ruɓa ta shiga ta nan ta gangara. Abin da za a cire daga sama kawai shi ne tsiron fure, tun yana ƙarami, domin ba zai yi kyau ba kuma ƙarfin itacen yake ci. Wannan ne ya fi yi wa masu wardi wuya, na sani. Amma itacen da ya kai Yuni da ganye rabi da jijiya lafiyayya zai murmure cikin mako kaɗan da saukar ruwa.

4.0 Inuwa da ruwa

Littattafai suna cewa wardi yana buƙatar rana sa'a shida. A Maraɗi sai a ƙara da cewa ta safe. Wurin da ya dace shi ne inda katanga ko ɗaki yake yamma da itacen, ya sha hantsi, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Mafi munin wuri shi ne gindin katangar siminti mai kallon yamma, wadda ke shan rana har la'asar sakaliya sannan ta kwana tana amayar da zafi.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Maraɗi tana kan digiri 13.5 arewa da layin da ya raba duniya, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu rana tana tsayawa daidai tsakar ka, bayan nan kuma ta karkata arewa har tsakiyar Agusta. Ma'ana, a daidai makonnin da zafi ya fi tsanani babu katangar da ke ba da inuwa da tsakar rana, kuma gefen arewa na ɗaki, wanda ya yi ta ba da inuwa duk ɗari, ya daina. Dole inuwar ta zo daga sama. 'Yar rumfar kara ko tsohuwar zana mai ɓula-ɓula, wadda aka ɗaga sama da itacen yadda iska za ta wuce, ta wadatar, kuma haka masu lambu ke yi wa fangalin irin da suka yafa. Zogale ma yana yi idan an dasa shi daga yamma, don inuwarsa ba ta da kauri, ga ganyen miya. Gindin bedi kuwa, wato dogon yaro, ba wurin wardi ba ne: jijiyarsa za ta shanye duk abin da aka zuba.

Jijiya ta fi ganye tsoron zafi. Baƙar leda ko bokitin roba da aka ajiye a kan daɓen siminti yana iya ɗaukar zafin da ya wuce digiri 50 ta gefen da rana ke duka, jijiyoyin da ke manne da wannan gefe kuma su dahu. Wanda ba shi da filin dashe ya nemi tukunyar ƙasa babba, ya huda gindinta, ya ɗora ta a kan yashi.

Batun ruwa lissafi ne. A tsakiyar bazara abin da rana da iska ke ɗebewa daga ƙasa da ganye yakan kai milimita 8 a yini, milimita ɗaya kuwa lita ɗaya ce a kan murabba'in mita guda. Ke nan itace babba ɗaya a fili zai iya neman kusan lita 8 kullum, jarka mai lita 25 ta yi wa itace uku. A unguwar da famfo ke ɗaukewa, ake jiran 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne, kuma uwargida tana da gaskiya idan ta tambayi dalilin da fure zai sha kafin a cika randa. Amsar ita ce a rage yawan itatuwa, a rage ɓarna. Itace uku masu lafiya sun fi goma masu jinya.

Hanya uku ke rage ɓarnar. Ta farko, shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye ko ƙaiƙayi a gindi, kaurin yatsa huɗu. Ta biyu, ban ruwa mai zurfi da asuba maimakon yayyafi sau uku a yini, domin yayyafi yana jawo jijiya sama inda ƙasa ta fi zafi. Ta uku ita ce binne tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, irin wanda maginan Jiratawa ke yi, a binne shi har wuya tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga gindi, a cika shi, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye, jijiyoyi su zo su nannaɗe shi. Dabara ce tsohuwa, an rubuta ta a Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma abin mamaki ne a ce garin da ke da magina a bakin ƙofarsa yana mafarkin tiyon ɗigo na kanti.

Wane ruwa? Na alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk suna da kyau, kuma gida mai mutum goma yana zubar da su da yawa a yini. Ruwan wanki mai omo kuwa guba ne a hankali, saboda gishirin da ke cikinsa yana taruwa, wardi kuma ba ya jure gishiri. Haka toka: tana rage tsamin ƙasa, itace ya kasa jan sinadarin ƙarfe, sai a ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Da yawa kan ɗauka yunwa ce su ƙara taki, alhali tokar murhu da ake zubawa kullum ce sanadi.

5.0 Ƙwari

5.1 Jan gizo-gizo

Wannan shi ne babban abokin gabar wardi a bazara, kuma masu tumatir a fadama sun san shi sarai. Girmansa bai wuce rabin milimita ba. Yana zama a bayan ganye, ya huda ya tsotse, sai saman ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gari, daga baya ya yi ruwan ƙasa ya zube, daga ƙasan itace zuwa sama. In ya yi yawa za a ga saƙa siririya a tsakanin ganye. Hanyar gane shi da wuri mai sauƙi ce: a tara farar takarda ƙarƙashin reshe, a ɗan buga, a zuba ido. Ƙurar da ta fara tafiya shi ne. In an murje ta da yatsa za ta bar zane ja-ja.

Zafi da bushewa da ƙura su ne abin da yake so, bazarar Maraɗi kuwa ta haɗa duka ukun. A digiri 30 yana tashi daga ƙwai zuwa balaga cikin kamar mako ɗaya, mace guda kuma tana iya zuba ƙwai wajen ɗari. Wanda ya ga alamar farko ya ce sai Juma'a mai zuwa, zai tarar da jikoki.

A nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. Jan gizo-gizo ba ƙwaro ba ne irin su fara da ƙuda, dangin gizo-gizo da kaska ne, mai ƙafa takwas. Yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwa an yi su ne don masu ƙafa shida. Idan aka fesa, ba su cika kashe shi ba, amma suna share maƙiyansa, wato ƙananan ƙwarin da ke cinsa da wasu danginsa masu farautarsa. Bayan kwana goma sai ya dawo ninki, ba mai tare shi. Mai itace ya ce maganin jabu ne, ya sayo wanda ya fi ƙarfi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Maganinsa na farko ruwa ne. A cika famfon feshi mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ciyawa ba, a wanke bayan ganye da ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama, da sassafe, bayan kowane kwana biyu ko uku har mako biyu. Maimaicin ne sirrin, domin ruwa yana kakkaɓe manya amma ƙwai na nan suna ƙyanƙyashewa. Ruwan kuma ba asara ba ne, gindi yake komawa. A tsinke ganyen ƙasa da suka riga suka lalace a ƙone. A kuma nisanta wardi daga tsohon tumatir ko yalo da aka bari a tsakar gida bayan ya gama 'ya'ya, don nan ne matattararsa.

In abin ya gagara, akwai magungunan da aka yi musamman dominsa, irin masu sinadarin abamektin. Garin farar wuta ma yana kashe shi, amma yana ƙona ganye idan zafi ya wuce digiri 30 da kaɗan, don haka ba na bazara ba ne.

5.2 Gara

Mai shimfiɗa ɓawon gyaɗa a gindi zai ce gara fa? Tambaya ce mai kyau. Gara busasshen abu take nema, kuma ba ta cika taɓa itace mai ƙoshin ruwa ba. Wanda ƙishirwa ta raunana, ko mai mataccen reshe da aka bari, shi take hawa, ta yi masa rigar laka ta ci ta ciki. Manoman jihar nan sun daɗe da sanin amfaninta: suna shimfiɗa karan gero a kan faƙo don ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanya. A tsakar gida abin yi shi ne a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itacen, a cakuɗa ta da ganyen bedi ko dusar 'ya'yansa, a riƙa kankare duk lakar da aka gani a jikin kara. Ɗanyen taki da bai ruɓe ba shi ne babban mai gayyato ta.

5.3 Na ɗari da na cikin ƙasa

Darɓa tana zuwa ne a kan sabon toho cikin sanyi, tururuwa na biye da ita don zaƙin da take fitarwa. Yatsa da ruwan sabulu sun ishe ta, sabulun salo ko na wanka mara turare, ba omo ba. Akwai kuma wani siririn ƙwaro, dangin wanda ke sa ganyen albasa ya yi fari, da ke shiga cikin tsiron fure ya sa bakinsa ya yi ruwan ƙasa, musamman farin wardi. A cire furen da ya kamu a ƙone.

Wanda ba a gani shi ne tsutsar jijiya, mai sa jijiya ta yi ƙulli-ƙulli, itace ya yi ta yaushi ko an ba shi ruwa. Tana son rairayi, kuma sau da yawa mai gida ne ke sayo ta da kuɗinsa, cikin ƙasar lambu da aka ɗebo daga tsohon fangalin tumatir ko kuɓewa. A nan bazara tana da rana: a jiƙa ƙasar ramin da za a yi dashe, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna, a bar ta mako huɗu zuwa shida cikin Afrilu da Mayu. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe yawancinta. Yaakob Katan da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan hanya a 1976.

Ban ambaci akuya ba. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda fatarta, amma ƙayar wardi ba ta hana ta komai, kuma abin da jan gizo-gizo ke yi a wata guda ita kafin a idar da sallar la'asar ta gama. Shinge kafin dashe.

5.4 Abin da fadama ta riga ta sani

Filin noman rani na Jiratawa an kafa shi da faɗin hekta 512 a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, da rijiyoyin burtsatse da magudanan siminti. Shi da lambunan Tibiri sun yi suna da zogale, wanda wata tsutsa mai suna Noorda blitealis ke yi wa ƙarƙaf. Tun da ganyen ake ci, kuma ana tsinkarsa a kai a kai, batun abin da za a fesa masa ya zama batun lafiyar mai ci. Shi ya sa ruwan 'ya'yan bedi ya sami shiga. Haɗin da malaman gona ke koyarwa shi ne gram 500 na dakakkun 'ya'ya a lita 10 ta ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma domin rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro ci da girma, don haka sai an maimaita duk mako. A kan wardi cikin bazara a fara gwadawa a reshe ɗaya, a jira kwana biyu.

Ra'ayin cewa wani ƙwaro abokin manomi ne ba baƙo ba ne a wannan jiha. Masana ƙwari na cibiyar INRAN da ke Tarna da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun shafe shekaru suna sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor a ƙauyuka, cikin 'yan buhunan garara da ake ratayawa, don ya kashe murzunar da ke cin zangarniyar gero. Manomin da ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani a kan illar feshin kan-mai-uwa-da-wabi ba. Ɗan birni mai fure ne aka bari a baya.

Hukumar da ke tantance magungunan ƙwari a ƙasashen ƙungiyar CILSS, wato kwamitin CSP mai mazauni a Bamako, tana fitar da jerin waɗanda aka amince da su. Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda ba ta ciki, kuma tururinta kaɗai yana cutarwa a wuri rufaffe irin tsakar gida. Ra'ayina shi ne, furen da ba ya rayuwa sai da ita bai cancanci zama inda yara ke rarrafe ba.

6.0 Damina

Ruwa na sauka matsala ta sauya kama. Baƙin tabo a ganye, wanda naman gwari ke kawowa, yana buƙatar ganye ya jima a jiƙe, kamar sa'a bakwai, don haka a Agusta yake tashi. Wankin ganyen da ya ceci itace a Mayu sai a daina shi, a cire rumfa, a share ganyen da ya zube. A kuma duba inda ruwa ke kwanciya. Mamakon da aka yi a birnin ranar 30 ga Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka, ya nuna wa kowa inda kwarin gidansa yake. Jijiyar wardi ba ta jure kwana biyu cikin ruwa. Damina ce kuma lokacin yankan reshe a dasa, mai kaurin fensir, daga itacen da ya riga ya tsallake bazara.

7.0 Batun iri da gwajin da ake buƙata

Yankan reshe daga itacen da ya riga ya tsallake bazara shi ne hanyar samun iri. Manyan furannin da ake gani a hoto an ƙirƙire su ne don sanyin Turai ko rumfunan Naibasha. Masu jure zafi galibi ƙananan fure ne, masu jinin wardin Sin, masu fitowa tari-tari. Duk gidan da ke da itacen da ya shekara biyar a jigawar Maraɗi yana riƙe da irin da yanayi ya riga ya tantance, kuma reshensa ya fi sabon dashen da aka sauke daga mota jiya daraja.

Wanda ba shi da ruwan da zai ba wardi yana da zaɓi. Kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, 'yar ƙasa ce, tana tara ruwa a gindinta, kuma cikin rani take yin furenta ja da fari ba ganye ko ɗaya. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye yara da dabbobi. Lalle ma furensa yana da ƙamshi, ga amfanin ganye.

Ga ɗaliban tsangayar aikin gona, ina ba da shawarar gwaji biyu da ba sa cin kuɗi. Na farko, a zaga unguwanni a tattara rassa daga tsofaffin itatuwan wardi, a dasa su wuri guda, rabi a rairayin tudu rabi a lakar fadama, a ƙidaya waɗanda suka kai Yuli da rai. Na biyu, a kwatanta binnannen tulu da ban ruwa na bokiti daga Maris zuwa Yuni, ana auna litar da kowanne ya ci, da zafin ƙasa a zurfin santimita 10 da ƙarfe biyu na rana, da yawan jan gizo-gizo a bayan ganye goma na kowane itace duk mako. Kayan aikin su ne ma'aunin zafi, gilashin ƙara girma, farar takarda, da tuluna daga Jiratawa waɗanda aka gina da laka ɗaya aka gasa a wuta ɗaya, domin tsattsafowar ruwa tana bambanta daga magini zuwa magini.